Ta Dawo Ake Cewa

Duk wanda ya tashi a unguwar Kolere ta garin Mubi a zamanin da kaset ɗin bidiyo yake tashe, ba ya bukatar a gabatar masa da Elkana Mai Kallo. Dogon mutum ne siriri, mai faffaɗan goshi da muryar da ba ta neman lasifika. An haife shi a Duvu, a gidan manoma. Da yaren Gude ya buɗe baki, ya tsinci Fulatanci a kasuwar shanu, Hausa kuwa sai da ya fara gemu ya shigo gari koyon gyaran rediyo, sannan ya same ta a bakin masu shaguna. Ya ɗauke ta yadda ya same ta, ya ci gaba da amfani da ita ba tare da wata fargaba ba.

A shekarar 1991 ya sayi talabijin da na'urar bidiyo da ƙaramin janareto a hannun wani ɗan kasuwa mai zuwa daga Kamaru. Abokinsa Mika'ilu tela, wanda kakanninsa suka zo daga Katsina, ya ba shi ɗakin kwano da ke bayan shagonsa. Elkana ya jera bencina, ya rataya bargo a taga domin ya kashe hasken rana, ya buɗe gidan kallo. Da la'asar ake farawa, kafin magariba an watse. Ranar Lahadi, bayan an tashi daga coci, ya keɓe wa mata da iyalai.

Finafinan da ake samu a lokacin na Indiya ne, kuma babu mai jin Indiyanci a Kolere, har da Elkana. Wannan bai dame shi ba. Yakan tsaya a gefen talabijin da karan dawa a hannu, yana nuna mai magana yana fassarawa, kamar wanda aka haifa a can. In jarumi ya daɗe yana zuba zance, Elkana ya taƙaita da cewa, "Wai yunwa yake ji." In mugu ya yi tari kawai, Elkana ya sa masa dogon jawabi a baki, har da zagin kakanni.

Wata rana Mika'ilu ya tsayar da keken ɗinkinsa ya ce, "Tsakaninka da Allah, Mai Kallo, kana jin abin da mutanen nan suke cewa?"

Elkana ya ce, "Tela, soyayya ba shi da yare. In ka ga mutum ya kama ƙirji ya kalli sama, ai ba kuɗin mota yake tambaya ba."

"Ba ta da yare," in ji Mika'ilu.

"Abin da na faɗa ke nan."

Mika'ilu ya girgiza kai ya koma kan ɗinkinsa. Ya sha gwada wannan gyara, ya haƙura. Hausar Elkana, kamar ta mutane da yawa a Mubi, ba ta san mace ba. A bakinsa kowa namiji ne: yarinya ya zo, uwa ya yi kuka, mota ya lalace. Masu kallo ba su taɓa ganin laifin haka ba, domin mafi yawansu haka suke magana, kuma hoto yana gabansu, suna ganin wanda ya yi kukan da idonsu.

Kaset ɗaya ne ya kawo matsala, kuma shi ne wanda aka fi so. Labarin wani direban babbar mota ne da wata mai sayar da furanni a tashar jirgin ƙasa. Akwai wurin da ya saye furanninta duka domin ta tashi da wuri, sannan ya rasa inda zai kai su, ya ɗora wa wata saniya a wuya. Akwai wurin da ta ɗaura gyalenta a madubin motarsa, ya yi ta tuƙi cikin ruwan sama bai yarda gyalen ya jiƙe ba, shi kuwa ya yi sharkaf. Can gaba suka yi faɗa, kowannensu ya rantse zai bar garin. Sai aka nuno jirgi yana shigowa tasha, gyalen yana kaɗawa a jikin ƙarfen fitila. Daidai nan na'urar Elkana ta taɓa tauna kaset ɗin. Ya haɗa shi da salatif da jan farce, sauti ya dawo, amma hoton ƙarshe ya tafi ke nan. Abin da ake gani kawai yayyafin fari da baƙi ne, kamar an watsa tsakin gero a kan gilashin.

Elkana kaɗai ya taɓa ganin ƙarshen kafin ya lalace, saboda haka shi yake cike gurbin. Yakan ɗaga karan dawarsa ya sassauta murya ya ce, "Ga shi nan ya sauko daga jirgi. Ya duba nan, ya duba can. Ya gan shi a gindin fitila. Ya yi kuka, ya ce masa: na dawo."

Mata su share hawaye, maza su yi gyaran murya, a watse. Sai dai a hanya maza su ce direban ne ya dawo, mata su ce mai furannin ce, kowa yana ganin shi ya fahimta.

Wata Lahadi a shekarar 1994, yana gama faɗin "na dawo", sai aka ji murya daga bencin baya.

"Mai Kallo, wa ya dawo? Ita ko shi?"

Elkana ya yaye bargon taga domin ya ga mai tambaya. Wata budurwa ce gajeruwa, da ɗankwalin coci a kanta. Sunanta Dorathy. Iyayenta mutanen Kwaja ne, amma mahaifinta ya yi aikin jirgin ƙasa a Zariya, can aka haife ta, can ta yi wasan ƙasa da 'ya'yan Zazzagawa. Ba su daɗe da dawowa gida ba.

Elkana ya ce, "Macen mana. Macen ne ya dawo."

Ta ce, "To, ta dawo ake cewa."

"Ai shi na faɗa."

"Ba ita ka faɗa ba. Tun ɗazu kake mayar da 'yar mutane namiji. Ta sauko, ta gan shi, ta yi kuka. Ina jin kunnena zai yi jini."

Ɗakin ya ɓarke da dariya. Wani mutum daban da ya ji haushi, amma Elkana bai san wannan hanyar ba. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya miƙa mata karan dawar da hannu biyu, ya ce, "Malama, ga alli. Ka zo ka koya mana."

"Ki zo," in ji ta, tana rufe baki da gefen ɗankwali.

Daga ranar sunan Malama ya kama ta, ko da yake man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take sayarwa a kasuwa tare da mahaifiyarta Margret. Daga ranar kuma Elkana ya zama mutum mai yawan bukatar man gyaɗa. Mika'ilu ya ce masa, "Kai da ba ka da tukunya, me kake soyawa?" Ya ce janareto ne yake sha. Yakan tsaya a gaban teburinta ya kawo jimla, ta gyara, ya maimaita daidai, gobe ya dawo da kuskuren jiya bai ko canja masa riga ba.

Da maganar aure ta taso, Dorathy ta gargaɗe shi cewa mahaifinta ba ya wasa da Hausa. Elkana ya yi kwanaki yana bita a shagon Mika'ilu: ke, kin, ki, ta. Ya cika bakinsa da su har suka fara zuba. Ranar gaisuwa ya sa sabuwar rigar da telan ya ɗinka masa, ya shiga da kawunnansa, ya durƙusa gaban tsohon, ya buɗe murya yadda kowa zai shaida, ya ce, "Baba, kin wuni lafiya? Yaya jikinki?"

Tsohon ya dube shi tsaf, ya juya wajen ƙofar ɗaki ya ce, "Margret, fito, ke ake gaisarwa."

Aka ji Dorathy ta saki faranti a madafa. Elkana bai ko ƙifta ido ba. Da Margret ta fito, ya juya gare ta cikin ladabi ya ce, "Mama, ka wuni lafiya?" Tsohon ya yi dariya har ya ƙware, aka kawo masa ruwa. Daga baya ya gaya wa danginsa cewa mutumin da zai yi irin wannan ɓarna bai sunkuyar da kai ba, ba zai gudu ya bar mace a cikin wahala ba. Aka ɗaura aure a shekarar 1996. Allah ya ba su 'ya ɗaya, Jessica.

Wajen ƙarshen shekarun 1990 finafinan Hausa suka fara isowa daga Kano, na soyayya da na barkwanci. Bisa ga hankali, aikin mai fassara ya ƙare ke nan. Amma mutanen Kolere suka ce fim ba ya shiga sai da bakin Elkana, shi ma bai taɓa tunanin ajiye karansa ba. Sai ya koma sharhi. Akwai wani na barkwanci da ba a gajiya da shi, inda wani saurayi wanzami yake yi wa wani baƙon tsoho aski, yana ba shi labarin yarinyar da yake nema da irin rowar ubanta, wai ko ƙuda ya faɗa masa a kunu sai ya tsotse shi kafin ya yar. Tsohon yana ta cewa, "Allah sarki, ci gaba." An aske rabin kai, sai ga yarinyar ta shigo da ƙwaryar fura tana cewa, "Baba, ga furarka." Elkana yakan tsayar da kaset a daidai fuskar wanzamin, ya zagaya talabijin a hankali, ya ce, "Jama'a, ku duba aska, ku duba wuyan suruki. Hanya biyu ne, kuma duka ba kyau."

Dorathy takan zauna a bakin ƙofa da tiren ƙuli-ƙulinta. Ba ta kallon hoton sosai, kunnenta yana kan mijinta. Da ya ce "yarinyan ya shigo", sai a ji ta daga ƙofa: "Ta." Ba ta ɗaga murya, ba ta ko ɗago kai daga tiren. A hankali masu kallo suka koya, har ya zama in Elkana ya yi tuntuɓe, ɗakin gaba ɗaya ya amsa, "Ta ake cewa!" Maganar ta fita waje. In mai shayi ya ce matarsa ya haihu, sai a ji wani daga can, "Ta ake cewa!" A gida ma haka. Da gyara suke karyawa, da gyara suke cin tuwon yamma. Khadijatu, matar Mika'ilu, takan ce ita ba ta taɓa ganin ma'auratan da faɗansu bai wuce harafi ɗaya ba.

Zamani ya juya. Faifai ya kori kaset, waya ta kori faifai. Sannan tashin hankali ya matso, mutane suka fara tsoron taruwa a ɗaki ɗaya. Wajen shekarar 2012 Elkana ya sauke bargon taga, ya zuba kaset ɗinsa a akwatin ƙarfe, ya koma noman masara da gyaɗa a gonar gidansu a Duvu. Bai yi ƙorafi ba. Ya ce ya gaji da nuna wa mutane ruwan saman Indiya, zai je ya jira na Mubi.

A ƙarshen watan Oktoba na shekarar 2014 masu tayar da ƙayar baya suka shiga Mubi. Ranar, Elkana yana gona tare da Jessica. Dorathy tana gida da Margret, wadda ta dawo hannunsu bayan rasuwar mijinta, ƙafafunta kuma sun daina ɗaukarta. Elkana ya nufi gari, ya iske mutane suna kwararowa kamar kogi ya cika, wani maƙwabci ya riƙe shi ya rantse masa cewa ya ga Dorathy ta goya uwarta ta nufi duwatsu. Ya bi duwatsun da 'yarsa yana tambaya, bai same su ba, har guguwar gudu ta kai su Yola. A can ya bi coci-coci da makarantun da aka sauke 'yan gudun hijira. Bayan makonni ya ganta a harabar wata coci, zaune a kan tabarma, ita kaɗai. Matan da suka zo tare da ita suka gaya masa cewa Margret ta cika a kan dutse, a bayan 'yarta, kuma Dorathy ta ci gaba da tafiya da ita a goye har sai da aka kwance zanen da ƙarfi.

Ya durƙusa ya ce, "Malama." Ta dube shi, ta kama hannunsa ta riƙe. Ba ta ce komai ba. Washegari ma haka, watan gaba ma haka.

Likita ya duba ta ya ce harshenta lafiya, kunnenta lafiya, sai haƙuri da addu'a. Da gari ya lafa a shekarar 2015 suka koma Kolere. An fasa gidan, akwatin kaset ya ƙone tare da ɗakin kwanon. Mika'ilu da Khadijatu ma sun dawo daga Gombe, suka iske babu keken ɗinki. Kowa ya kama gyaran abin da ya saura. Dorathy tana shara, tana girki, tana ɓarar gyaɗa, tana zuwa coci ta zauna a wurinta. In aka yi mata magana takan gyaɗa kai ko ta girgiza. Mutane suka fara cewa a gode wa Allah da ta rayu, a bar ta haka.

Elkana bai karɓi wannan ba. Ya gaya wa Jessica cewa muryar uwarta tana nan, kamar hoton kaset ne da ya ɗauke, kuma shi ya san aikin kaset. Sai ya ɗauki hanyar da yake ganin ita ce ta ƙauna: ya ƙudura ba zai ƙara ɓata mata rai da ko harafi ɗaya ba. Abin da ya gagare shi shekara ashirin, ya yi shi a 'yan watanni. Kafin ya yi magana sai ya tsaya ya auna. "Malama, kin tashi lafiya? Jessica ta tafi kasuwa. Akuyar ta haihu." Da yamma yakan zauna kusa da ita a gindin mangwaro ya ba ta labarin finafinan da suka ƙone, ɗaya bayan ɗaya, da Hausa tsaf wadda ko surukinsa ba zai sami abin cewa ba. Tana ɓarar gyaɗa, tana saurare ko ba ta saurare, babu mai iya sani.

Wata ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Mika'ilu ya biyo ya zauna da su. Ya ji Elkana yana ba da labarin mai furanni: ta ɗaura, ta juya, ta tafi. Da suka fito rakiya, telan ya tsaya a bakin zaure.

"Mai Kallo, wa ya koya maka wannan Hausar?"

Elkana ya buga ƙirji. "Ka ji ko? Ko a rediyo sai haka."

"Na ji. Ba daɗi."

"Kai Tela, shekara nawa kana damuna in gyara?"

"Ni na dame ka, amma ba ni na aure ka ba. Matar nan tun ranar da ta fara ganinka aiki ɗaya take yi a kanka. Ta dawo ta iske an ƙone ɗakin kallo, an kwashe tukwanenta, uwarta babu. Abu ɗaya da ya saura nata shi ne karkataccen bakinka, kai kuma ka bi ka miƙe shi. Me ka bar mata ta gyara?"

Elkana ya waiga ya dubi gindin mangwaro. Can ya ce, "In na yi kuma ya ji haushi fa?"

"Ta ji haushi," in ji Mika'ilu. "Kuma da za ta ji haushin har ta zage ka, ni zan yanka rago."

Elkana bai yi abin a ɓoye ba, domin bai iya ƙaramin abu ba. Ya aika Jessica gida-gida ta gaya wa tsofaffin masu kallo cewa ranar Lahadi da la'asar akwai fim a gindin mangwaro. Ya kafa musu sharaɗi ɗaya: kome ya faɗa, kada wanda ya gyara masa. Ya samo kwalin sabulu, ya yanke masa fuska, ya ɗora a kan turmi. Ya yanko sabon karan dawa. Aka aro bencina daga coci, Khadijatu ta kawo tabarmi. Mutane suka zo fiye da yadda aka zata, waɗansu da furfura, waɗansu da jikoki, akwai kuma wuraren da kowa ya san wanda ya kamata ya zauna amma babu shi. Dorathy tana bakin ƙofar ɗakinta da tiren gyaɗa a cinya.

Ya fara da wanzami. Shi ne saurayin, shi ne tsohon, shi ne askar. Da ya kai wurin ƙuda a kunu, wata tsohuwa ta riƙe ciki tana cewa a taimake ta. Mutanen da suka daɗe ba su yi dariya a taro ba suka yi har da hawaye. Sai ya ce da ƙarfi, "Sai ga yarinyan ya shigo da fura!"

Bakuna suka buɗe da kansu, suka tuna sharaɗi, suka rufe. Elkana ya saci kallon ƙofa. Hannun Dorathy ya tsaya a kan gyaɗa. Ta ɗan jima haka, sannan ta ci gaba da ɓara.

Elkana ya ga wannan tsayawar, ta ishe shi. Ya buga kwalin da kara ya ce an canja kaset. Ya kawo direba da mai furanni. Ya rataya wa saniya furanni, ya tuƙa mota cikin ruwa yana kare gyale da jikinsa. Kuma duk inda mai furannin ta motsa, sai ya mayar da ita namiji: ya ɗaura gyalensa, ya yi fushi, ya rantse. Bai bar mata ko ɗan kunne ba. Mika'ilu ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe. Jessica ta kasa kallon kowa sai uwarta.

Jirgi ya shigo tasha. Elkana ya juya kwalin ya nuna musu bayansa, ya ce, "To, hoto ya ɗauke." Aka yi 'yar dariya, aka yi tsit. Ya sassauta murya kamar dā.

"Ga shi nan ya sauko daga jirgi. Ya duba nan, ya duba can. Ya gan shi a gindin fitila."

Ya dakata. Ba a jin komai sai kukan kaji a bayan gida.

"Macen ne fa. Macen ya yi tafiya mai nisa, ya sha wahala, ƙafansa duk ya fashe. Namijin yana nan yana jira, bai je ko'ina ba. Sai macen ya dawo."

Gumi ya keto masa a goshi, amma bai sauke karan ba. Ya juya gaba ɗaya ya fuskanci ƙofar, ya sake faɗa, a hankali, kamar mai ajiye kaya a gaban mai shi.

"Na ce, macen ya dawo."

"Ta."

Muryar ta fito a dushe, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Waɗanda ke nesa ba su ma ji ba, sai da suka ga Khadijatu ta dafe ƙirji.

Elkana ya kai hannu bayan kunne. "Na'am, Malama?"

Dorathy ta ajiye tiren a ƙasa. Ta dube shi, idanunta cike da ruwa, fuskarta ɗauke da tsohon haushin nan da ya sani tun daga bencin baya.

"Ta dawo ake cewa, Baban Jessica. Har yaushe?"

Elkana ya durƙusa da gwiwa ɗaya, ya miƙa mata karan dawar da hannu biyu. Ya buɗe baki, a karo na farko a rayuwarsa murya ta ƙi fita. Da ta fito, daidai ta fito.

"Ta dawo," in ji shi.

Maganar ba ta dawo mata gaba ɗaya a ranar ba. Ta riƙa zuwa kaɗan-kaɗan, yau jimla, gobe biyu. Mika'ilu ya cika alkawarin ragonsa, ko da yake ya yi gardamar cewa ba a kai ga zagi ba. Bayan an kwashe amfanin gona, Dorathy da bakinta ta kwatanta wurin da aka binne Margret, ta jagoranci mijinta da 'yarta da fasto suka hau dutsen, aka yi addu'a, ta yi kukan da ba ta yi ba.

A shekarar 2017 Elkana yana nan yana noma a Duvu, yana dawowa Kolere da yamma. Bai sake sayen talabijin ba, amma kwalin sabulun yana rataye a zaure, kuma yara sun san wanzami da mai furanni kamar sun gan su da ido. Hausarsa ta gyaru, wannan ba ya komawa baya. In yana ciniki a kasuwa ko yana magana a taron unguwa, mace mace ce, namiji namiji ne. Sai ya iso ƙofar gida, ya jingine fartanya, ya leƙa tsakar gida ya ɗaga murya ya ce, "Jessica, ina uwarki? Ya dafa mana wani abu kuwa?" Sannan ya tsaya, bai cire takalmi ba, har sai amsa ta zo daga madafa.